Kiɗa a Ƙarshen Tafsiri

Da sunan Allah, wanda ya tsaga wa ɗan Adam kunne, kuma zai tambaye shi abin da ya saurara da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, azumin shekarar 1984 ya riski mutanen Tsamiyar Malamai, wani ƙauye da ke gabas da Ɗambatta, a cikin wani tsanani da har yau tsofaffi ba sa ambatonsa sai sun nemi tsari. Daminar da ta gabata ta ɗauke tun gero bai yi ido ba. Sabuwar kuma ta ƙi sauka. A gidaje da yawa da kunu tsararo ake buɗa baki, a kuma ɗauki azumin gobe da ragowarsa.

A cikin wannan hali ne mutum biyu suke neman auren Asama'u, 'yar autar Malam Muhammadu Sani, limamin garin.

Na farko Mika'ilu ne, ɗan Alhaji Nababa mai fataucin hatsi. Tun da hatsin gidan liman ya ƙare, jakin Alhaji bai fasa sauke gero a ƙofar gidan ba duk ranar Juma'a.

Na biyu Tasi'u ne, maraya, wanda ya yi shekara bakwai yana gyaran wuta a wata masaƙa a Kano, har ranar da aka rufe ta aka sallami ma'aikata. Ya dawo gonar ubansa ba shi da komai sai fartanya da wasu akwatuna huɗu.

Zuciyar Asama'u tana ga Tasi'u, kuma kowa ya sani. Malam ba mai tilasta wa 'yarsa ba ne, amma ita ma ba za ta ɗaga ƙafa ba sai da yardarsa. Ya ce zai ba da amsa ranar rufe tafsiri.

Akwatunan nan huɗu su ne aibin Tasi'u a idon gari.

Wani Baturen injiniya da suka yi aiki tare ne ya bar masa su da zai koma ƙasarsu: rikoda mai cin kaset, da amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, da lasifika biyu na katakon goro masu tsayi har ƙugu. Faya-fayan garmahonsa kuwa Baturen ya tafi da abinsa, amma kafin ya tafi sun yi mako uku suna juye su a kaset, har guda ashirin da shida. Duk kiɗan jita ne da ganguna, irin wanda Turawa suke kira rok, na tsofaffin mawaƙan ƙasarsu.

Da yake babu lantarki a ƙauyen, Tasi'u ya yi wa na'urar dabara tana aiki da batirin mota, wanda yake ɗaurawa a bayan keke ya kai caji Ɗambatta ranar Lahadi. Ya ajiye lasifika ɗaya a kusurwar dama ta ɗakinsa, ɗaya a ta hagu, ya auna tsakiya da igiya ya shimfiɗa buzu a wurin. Yakan ce idan mutum ya zauna daidai a kan buzun nan ya rufe ido, zai ji mai jita yana tsaye a hagunsa, mai ganga a damansa, mawaƙin kuma a gabansa, kusa har kamar ya taɓa shi.

Yana goge kan rikodar da auduga kamar mai wanke ciwo. Ba ya bari injin ya mayar da zaren kaset baya, sai ya zura biro ya juya da hannu don ya tanadi batiri.

Malamai sun yi magana mai tsawo a kan kiɗa, kuma mafi yawansu sun tsananta. Tasi'u ya san haka, bai kuma taɓa musu ba. Yana sallarsa a sahun farko. Abin da ya sani kawai shi ne, idan ya dawo daga gonar da ba ta tsiro da komai ba, ya zauna a kan buzun nan, sai shekarun Kano su dawo masa: ƙamshin man inji, da jiniyar tashi daga aiki, da abokan da suka watse kowa ya nufi garinsu.

Kwana uku kafin a ga wata ya je zance da la'asar sakaliya. Asama'u ta fito zaure ta zauna a gefen tabarma, ta gaishe shi, ta ce, "Jiya na wuce ta bayan gidanku za ni rijiya. Na ɗauka akuya ce ta maƙale kai a cikin garwa."

"Wannan jita ce, Malama. Mutumin da kika ji ya yi shekara ashirin yana koyo."

"Allah sarki. Kuma har yanzu bai iya ba?"

Ya yi dariya har ya sunkuyar da kai. Ita ma ta yi murmushi, amma bai daɗe a fuskarta ba.

"Tasi'u, muryar Baba tana tafiya."

"Na lura a huɗubar Juma'a."

"Likitan Ɗambatta ya ce maƙogwaron ba zai koma yadda yake ba. Shekara bakwai ke nan yana bin Alƙur'ani kaɗan-kaɗan kowane azumi, bana zai sauke. A da idan ya zauna a gindin tsamiya, mu mata muna jin sa ta bayan danga har ƙarshen unguwa. Bana ko na sahun gaba da ƙyar za su ji." Ta goge ido da gefen mayafinta. "Ina tsoron kada wannan ne na ƙarshe, kuma mu ba mu ji ba."

Tasi'u ya ce, "Za ku ji, in Allah ya yarda."

Haka kuwa aka yi. Kullum bayan la'asar yakan kafa makirfo a gaban Malam a gindin tsamiyar masallaci, maza su ji ta lasifika, rikoda kuma tana ɗauka. Washegari da hantsi ya kai kayan zauren liman ya haɗa, ya miƙa lasifikan ciki da doguwar waya, ya tafi abinsa, domin namiji baligi ba ya shiga gidan aure. Ya koya wa Asama'u madanni biyu kaɗai, na kunnawa da na tsayarwa.

Matan gari suka riƙa cika tsakar gidan da tabarmi. Muryar Malam da ta disashe takan fito daga akwatunan katakon nan cikakkiya, har ana jin numfashinsa da motsin takarda. Tsohuwa Furera, wadda ta haura tamanin, ta ce rabon da ta ji ƙissar Annabi Yunusa tiryan-tiryan haka tun tana amarya.

Ran ashirin da biyar ga wata, Malam yana cikin fassara tari ya sarƙe shi, ya taƙaita karatu ya yi addu'a. Bai gama shafawa ba sai iska ta kaɗa daga gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ruwan da aka yi wata tara ana jira ya sauko. Dattawa suka tsaya a cikinsa suna kuka suna hamdala. Tasi'u ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe amfilifaya, ya yi ta jigilar kaya zuwa cikin masallaci.

Washegari duk namijin da ke iya ɗaga sungumi ya tafi shuka. Tasi'u ya haɗa kaya a zauren liman da sassafe, shi ma ya wuce gona.

Da hantsi mata suka taru. Asama'u ta danna madanni a zaure, ta dawo tsakar gida ta zauna kusa da mahaifiyarta, Inna Kulu. Aka ji karatu, aka ji tarin Malam, aka zo addu'a. Kowa ya ɗaga hannu. Malam ya roƙi ruwa mai albarka, ya roƙa wa matattu gafara, mata suna amsawa da amin cikin hawaye, domin ruwan da yake roƙo ga laimarsa a ƙarƙashin tabarminsu. Babu wadda za ta sauke hannu a tsakiyar addu'a don ta je ta danna wani ƙarfe.

Aka shafa fatiha. Rikoda ta yi ɗan ƙas.

Sai wata jita ta tsaga gidan liman kamar an yaga sabon ƙyalle, ganguna suka biyo ta, wani Bature ya kwarma ihu da iyakar muryarsa.

Kaji suka watse. Jarirai suka fashe da kuka. Wata mata ta yi baya ta faɗa kan tulu. Asama'u ta tashi da gudu ta yi zaure, maimakon madannin tsayarwa ta murɗa na ƙarin sauti. Sai da kiɗan ya kai har gonakin bayan gari kafin ta fizge wayar batiri.

Tsohuwa Furera ce ta fara magana.

"Kulu, wannan kuma wace sura ce?"

Babu wadda ta yi dariya. Mata suka naɗe tabarminsu suna salati, suka fice ɗaya bayan ɗaya ba sallama.

Inna Kulu ta ja 'yarta ɗaki ta saki asabari.

"Kin gani ko, Auta? Kin ga abin da nake faɗa miki tun bara?"

"Inna, kuskure ne."

"A gidan liman. A goman ƙarshe. A kan fatiha." Muryarta ta karye. "Shekara arba'in ubanki yana tsare mutuncin gidan nan. Ko kalangu ba a taɓa bugawa a ƙofarsa ba, har bikin yayyenki. Yau an kaɗa mana na Turawa a tsakar gida, matan gari suna zaune."

"Ni ce ban tashi na kashe ba."

"Ke kika sa kiɗan a ciki? Wane irin mutum ne zai haɗa maganar Allah da wannan haukan a abu ɗaya?"

Asama'u ma tambayar da ke cin ranta ke nan. A saninta sababbin kaset yake sayowa.

Inna Kulu ta zauna a bakin gado ta kamo hannunta. "Ba ƙin sa nake ba. Yaro ne mai ladabi, na san uwarsa, Allah ya jiƙanta. Amma dubi hannuna, Auta. Dubi yadda warwaro yake zamewa. Ruwa ya sauka jiya, gero ba zai nuna ba sai nan da wata uku. Me za mu ci a wata ukun nan? Mutum goma sha ɗaya ne a gidan nan. Ba don Allah ba don Alhaji Nababa ba, da tuni mun bi sahun masu tafiya cin rani."

"To ni ce za a ba shi tukuici?"

"Kul. Kada in ƙara jin wannan a bakinki. Alhaji bai taɓa cewa haka ba."

"Bai faɗa ba, Inna, amma ke ma kin ji."

Uwar ta kau da kai. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Mika'ilu ba shi da aibu," in ji ta a hankali.

"Ba shi da aibu. Amma idan ya zo zance, farashin dawa yake ba ni labari. Sau biyu yana kira na da sunan yayata." Asama'u ta durƙusa ta ɗora kai a gwiwar uwarta. "Inna, in Baba ya ce Mika'ilu, wallahi zan bi, ba za ku ji bakina ba. Amma kada ki ce in so."

Suka daɗe a haka suna kuka, babu mai rarrashin wani.

Ran nan ba a yi tafsiri ba. Bayan la'asar Malam ya aika aka kira Tasi'u zaure. Ya tarar da Alhaji Nababa a zaune a kan buzu, Mika'ilu a gefensa. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ƙasar shuka tana nan a gwiwoyinsa. Ta bayan ƙofar cikin gida kuwa Asama'u ta tsaya ta manne da bango.

"Sannu da zuwa, sarkin makaɗan Ingila," in ji Mika'ilu. "Yau har gonarmu ta bakin fadama muka ji wa'azinka."

"Mika'ilu," in ji Malam. Muryarsa kamar ana jan kara a kan yashi, amma ta isa.

Alhaji Nababa ya gyara zama. "Malam, ni ba mai yawan magana ba ne. Iyalina tana cikin matan nan. Ta dawo gida jikinta yana ɓari. Gari ya ɗauka ana cewa an yi wasa da Alƙur'ani a gidan liman. Ni dai abin da na sani, tsakanin gidana da gidanka babu abin da ya taɓa shiga sai alheri, kuma ina fatan ya ɗore."

"Na ji, Alhaji." Malam ya juya. "Tasi'u, yaya aka yi kiɗa ya shiga cikin karatuna?"

"Allah ya gafarta Malam, ba shiga ya yi ba. Karatun ne ya same shi a ciki."

"Yi mini bayani kamar wanda bai san komai ba, don kuwa ban sani ba."

"Tun da aka rufe iyakokin ƙasa sabon kaset ya ɓace. Na zagaya Ɗambatta, na hau mota na je Kano, ban samo ko ɗaya ba. Sai na koma kan nawa. Idan aka toshe 'yar ƙofar da ke bayan kaset da guntun takarda, rikoda tana iya ɗora sabuwar magana a kan tsohuwa, ta goge ta. Kullum idan Malam ya shafa fatiha, nakan cire makirfo in bar zaren ya yi ta tafiya har ƙarshe, don ya share ragowar kiɗan. Jiya karatu ya yi gajere, ruwa kuma ya sauko. Na tsaya ceton kaya, na manta. Laifina ne, ba na kowa ba."

Malam ya daɗe yana kallonsa.

"Wato kowace rana kiɗanka ɗaya kake gogewa."

"Haka ne."

"Idan ka goge, yana dawowa?"

"Ba ya dawowa. Mai faya-fayan ya tafi ƙasarsu, ban ma san garinsu ba."

Mika'ilu ya yi tsaki. "Wannan ai wauta ce, in ma gaskiya ne. Kaset ɗaya ya isa. Mata su ji na jiya, ka goge ka ɗora na yau."

"Tambaya ce mai kyau," in ji Malam. "Amsa masa."

Tasi'u ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na gwada a rana ta biyu. Na sa kaset ɗin ranar farko, na ɗora yatsa a kan jan madanni, sai na kasa. Idan aka wanke allo, an san inda rubutun yake zuwa. A ƙwarya ake tara shi a sha, ba a zubarwa inda ƙafa take takawa. Ni kuwa na yi shekara bakwai ina buɗe cikin irin waɗannan na'urori, amma ban san inda aya take tafiya ba idan rikoda ta goge ta. Sai na ji tsoro." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Kuma an gaya mini muryar Malam ba lallai ta kai baɗi ba."

A bayan ƙofa Asama'u ta cusa mayafi a baki don kada a ji ta.

"Guda nawa ne da kai?" in ji Malam.

"Ashirin da shida."

"Saura nawa?"

"Ɗaya."

"Me ya sa shi ya rage?"

Tasi'u ya san ƙarya ba ta kamata a gaban wannan mutum ba. "Shi na fi so."

Malam ya ja carbinsa sau uku ko huɗu. Alhaji Nababa ya buɗe baki zai yi magana, Malam ya ɗaga hannu.

"Gobe za mu rufe tafsiri. Ka zo da shi."

Ya miƙe ya nufi masallaci, Alhaji da ɗansa suka bi bayansa.

Tasi'u yana naɗe waya sai ya ji motsi a bakin ƙofa. Bai ɗaga kai ba.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?" in ji Asama'u.

"Da kin hana."

"Da na hana." Ta ja numfashi. "Ni da nake ce masa kukan akuya."

"Ai wani lokacin ya yi kama."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka. Sai ta ce, "Tasi'u, ban san abin da Baba zai ce gobe ba. Inna tana gefen su Alhaji, kuma ba don son zuciya ba. In aka ba Mika'ilu, ka rasa ni, ka rasa kiɗanka duka. Ka ɓoye wannan ɗayan. Ka ce ya lalace."

"In yi wa Malam ƙarya ranar saukar Alƙur'ani?"

Ya ci gaba da naɗe wayar, ya ce:

"Ba cinikin aure na yi da su ba, Asama'u. Kin ce kina tsoron kada ku rasa ji. Shi ke nan."

Ta juya da sauri ta shige gida.

Bayan Tasi'u ya buɗa baki da ruwa da ɗan rogo, ya shiga ɗaki kafin a kira isha'i. Ya ɗauko kaset ɗin. Rubutun Baturen da jan biro ya fara koɗewa a jikinsa. Ya sa shi a rikoda, ya zauna a kan buzu a tsakiyar lasifikan nan biyu, ya miƙa hannu.

Sai ya dubi allurar batiri. Saboda shuka bai sami kai shi caji ba. Abin da ya rage a ciki zama ɗaya zai ɗauka, ko na yau ko na gobe.

Ya janye hannunsa, ya rufe ido.

Ashe ba ya buƙatar batiri. Ga jitar nan ta fara daga hagu, ita kaɗai, a hankali, kamar mai tafiya a kan raɓa. Ga sarewa ta shigo. Mawaƙin ya fara da murya ƙasa-ƙasa, da kalmomin da Tasi'u bai taɓa fahimtar rabinsu ba. Can tsakiya ganga ta faɗo daga dama, wadda yakan ji dukanta a ƙirji kafin kunne, sannan jitar lantarki ta ɗauka ta yi ta hawa tana kuka, har inda mutum zai ce ba sauran sama, ta ƙara hawa. Ya tuna ranar da ya fara jin ta a falon Baturen, fanka tana juyawa, albashi a aljihu, uwarsa tana da rai.

Ladan ya kira salla. Ya yagi guntun takarda, ya toshe 'yar ƙofar bayan kaset ɗin, ya fita alwala.

Ranar rufe tafsiri gindin tsamiya bai ɗauki jama'a ba. Labarin jiya ya kai ƙauyukan kewaye, wasu karatu ya kawo su, wasu kallo. Mata kuwa ba su jira gobe ba. Suka taru a bayan dangar gidan liman, inda sautin lasifika yake kaiwa.

Tasi'u ya danna jan madanni. Zare ya fara tafiya.

Alaramma mai jan baƙi ya ɗauko gajerun surori, Malam yana fassarawa, yana tsayawa ya huta, yana ci gaba. Da aka zo surar ƙarshe muryar ta kusa ƙarewa, sai da Tasi'u ya matso da makirfo har yana taɓa gemunsa. Ya sauke. Dattawan da suka fara zama da shi shekara bakwai da suka wuce suka riƙa share ido da hannun riga. Aka yi doguwar addu'a, aka shafa.

Tasi'u ya miƙa hannu zai cire makirfo.

"Bar shi," in ji Malam. "Zaren ya ƙare?"

"Da saura kaɗan, Allah ya gafarta Malam."

"To yau ni zan cike shi. Ba zan bar wa mutumin nan mai ihu ko taki ɗaya ba."

Aka yi 'yar dariya, ta lafa.

"Jama'a, kun ji abin da ya faru a gidana. Kuskure ne, kuma mai shi ya amsa. Ra'ayina a kan kiɗa bai sauya ba, kun san shi. Amma na yi shekara arba'in ina karantar da girmama Littafin Allah a garin nan, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda aya take zuwa ba idan inji ya share ta. Wannan yaro ya tambaya, ya ji tsoro, ya ba da abin da ya fi so." Ya yi tari, ya jira ya wuce. "Na yi alkawarin amsa yau. Mika'ilu ɗana ne, kuma alherin ubansa a kaina Allah kaɗai zai biya. Amma ku shaida, na ba Tasi'u auren Asama'u. Kawunsa ya zo bayan Salla."

Daga bayan danga aka ji wata tsohuwa ta fara guɗa, wata ta toshe mata baki.

Alhaji Nababa ya miƙe a hankali. Ya kaɗe rigarsa, ya gyara hula.

"Allah ya sanya albarka, Malam." Ya juya ga ɗansa, bai rage murya ba. "Tashi mu je. Buhun nan da aka ɗaure na Juma'a, a mayar da shi sito."

"Allah ya saka da alheri a kan na baya, Alhaji," in ji Malam.

Zaren ya kai ƙarshe, madannin ya ɗago da kansa.

A bayan danga Asama'u tana durƙushe, fuskarta a cikin tafukanta, kafaɗunta suna rawa. Inna Kulu ta tsaya a kanta. Sannan ta sunkuya ta ɗago ta, ta share mata hawaye da bakin zaninta, ta gyara mata ɗankwali.

"To, Auta, kin samu. Allah ya ba ku zaman lafiya." Ta dubi rana, wadda ta kusa faɗuwa. "Je ki ɗauko tsintsiya da ƙwarya. Ke ce marar nauyi, ke za ki shiga rumbu. Ki share ƙasan da kyau, ko za mu tara geron kunu."